Tururin nukiliya a wurin aiki: tambayoyi da amsoshi kan haɗarinsa da diyyar ma'aikaci

An tara waɗannan tambayoyi ne saboda mahaƙan yuraniyom na garuruwan Arlit da Akokan a Nijar, da masu ɗaukar hoto a asibiti, da masu wankin kuza a tsaunukan Jos, da 'yan gwangwan, da iyalan da suka rasa mai gida bayan doguwar jinya ba tare da an gaya musu dalili ba. Wannan tururi ba a ganinsa, ba ya wari, kuma cutarsa takan bayyana ne bayan mutum ya daɗe da barin aiki. Shi ya sa maganar diyya take komawa kan takarda: wa ya rubuta abin da jikinka ya sha, kuma a hannun wa rubutun yake?

Wane irin tururi ake nufi? Har da na wayar salula da eriyar sadarwa?

A'a. Ana nufin tururi mai ƙarfin da zai ratsa jiki ya lalata ƙwayoyin halitta, irin wanda ke fita daga yuraniyom da radiyom da toriyom, da na injin ɗaukar hoton ƙashi, da na injin gasa cutar kansa. Na waya da na rediyo ba su da wannan ƙarfi. Hasken walda yana ƙona ido da fata, amma shi ma babinsa daban.

Su wane ne suka fi shiga haɗari?

Na farko mahaƙan da ke ƙarƙashin ƙasa. A Jamhuriyar Nijar kamfanin Somaïr ya fara fitar da yuraniyom a Arlit a 1971, Cominak kuma ya fara a 1978 a ramin Akuta, mai zurfin kusan mita 250. Dubban mutane daga Agadas da Tawa da Maraɗi da Damagaram sun ci abinci a waɗannan wurare. Babban abokin gabar mahaƙi shi ne iskar radon, wadda ke tsattsafowa daga dutsen yuraniyom ta taru a inda iska ba ta zagayawa. Idan aka shaƙe ta, burbushinta yakan maƙale a huhu ya ci gaba da harbin naman wurin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce bayan taba sigari, radon na cikin manyan abubuwan da ke haddasa kansar huhu. Ga kuma ƙurar dutsen kanta, wadda mai fasa dutse da direban babbar mota da mai aikin injin niƙa duk suke shaƙa.

Sai ma'aikatan asibiti: mai ɗaukar hoto, da likitan da ke aiki yana kallon cikin jiki ta na'ura, da nas ɗin da ake cewa ta riƙe yaro kada ya motsa. Sai masu duba walda a bututun mai da masu auna rijiyoyin mai, waɗanda ke yawo da ƙananan ƙarafa masu tsananin ƙarfi cikin akwatin dalma. A Filato kuma, yashin da ya rage bayan an wanke kuza yana ɗauke da wani ma'adini mai suna monazayit, wanda ke da toriyom a cikinsa, kuma mutane na tace shi da hannu, wasu ma su ajiye buhunansa a ɗakin da suke kwana.

Da me ake auna shi, kuma nawa ne ya yi yawa?

Ma'aunin shi ne milisibat. Kowane ɗan Adam yana samun kimanin 2.4 a shekara daga ƙasa da duwatsu da sararin sama, ko bai taɓa shiga ma'aikata ba. Hoton ƙirji ɗaya bai wuce 0.1 ba, hoton ciki na babbar na'urar siti kuwa yakan kai wajen 10.

Ƙa'idar da yawancin ƙasashe suka ɗauka ita ce kada ma'aikaci ya wuce 20 a shekara idan aka raba lissafin shekara biyar, kuma kada ya wuce 50 a shekara guda ko ta halin ƙaƙa. Mutumin gari da ba ma'aikaci ba iyakarsa 1 a shekara, ban da na asibiti da na halitta. Ba a yarda yaro ɗan ƙasa da shekara 16 ya yi irin wannan aiki ba.

Kada a ɗauki 20 a matsayin layin da wanda ke ƙasansa ya tsira. Masana suna lissafi ne a kan cewa kowane ƙari yana ƙara haɗari gwargwadonsa, kuma abin taruwa yake yi shekara bayan shekara. A ƙiyasinsu, milisibat 100 da suka taru a jiki suna ƙara yiwuwar mutuwa da cutar kansa da kusan rabin kashi ɗaya cikin ɗari. Ga mutum ɗaya wannan kaɗan ne. Ga ma'aikata dubu goma kuwa, gidaje ne masu yawa. Wani babban bincike da ya bi ma'aikatan nukiliya sama da 300,000 a Faransa da Birtaniya da Amurka ya tabbatar da cewa ƙaramin tururi na tsawon shekaru ma yana ƙara cutar kansa.

Waɗanne cututtuka yake kawowa, kuma yaushe suke fitowa?

Iri biyu ne. Idan mutum ya sha mai yawa a lokaci ɗaya, kamar wanda ya ɗauki ƙarfen duba walda ya sa a aljihu, cikin sa'o'i ko kwanaki sai amai da gudawa da ƙunar fata da zubewar gashi su biyo baya. Daga milisibat 1,000 ake fara wannan rashin lafiya, kuma 4,000 zuwa 5,000 na kashe kusan rabin waɗanda suka sha idan ba magani.

Iri na biyu shi ne mai zuwa a hankali, kuma shi ya fi shafar ma'aikata: kansar huhu, kansar jini, kansar ƙashi, kansar maƙoƙo, da yanar ido. Ƙurar yuraniyom kuma tana taɓa ƙoda, ƙurar dutse tana sandarar da huhu. Kansar jini kan iya fitowa bayan shekara biyu zuwa biyar, sauran kuwa sai shekara goma, ashirin, har talatin. A lokacin mutum ya yi ritaya, ya koma ƙauyensu, yana tari ana ba shi maganin tarin fuka wata shida babu sauƙi.

An ba ni wani ɗan baje in riƙa maƙalawa a riga. Yana kare ni ne?

Ba ya karewa ko kaɗan. Aikinsa rubuta abin da ka sha. Ana maƙala shi a ƙirji, kuma idan kana sa rigar dalma, a ƙarƙashinta yake zama sai dai in an ba ka na biyu na wuya. Duk wata ɗaya ko wata uku ake karɓa a kai ɗakin gwaji a karanta.

Abin da ke faruwa a wurare da yawa abin takaici ne. Baje yana cikin aljihun tebur, ko an rataye shi a ƙusa cikin ɗakin ɗaukar hoton, ko mutum uku suna karɓa-karɓa da guda ɗaya, ko an karɓa an tafi da shi ba wanda ya sake jin sakamako. Duk watan da ka yi aiki ba baje, a takarda ba ka sha komai ba, kuma da wannan takardar za a yi maka hukunci wata rana. Sakamakon haƙƙinka ne. Ka nemi kwafe duk lokacin da aka karanta, ka ɗauki hotonsa da waya, ka ajiye a gida.

Rigar dalma ma a kula da ita. Idan ana ninke ta kamar tabarma, dalmar ciki takan tsage ba a gani daga waje. Rataye ta ake yi, kuma a riƙa haska ta a injin hoto a duba ko ta tsage.

Mene ne wajibi a kan mai kamfani ko mai asibiti?

Lasisi tukuna. A Najeriya dokar 1995 ce ta kafa hukumar kula da nukiliya, wato NNRA, wadda ta fara aiki a 2001, kuma ba a yarda kowa ya shigo da injin hoto ko ƙarfe mai tururi ko ya yi amfani da shi ba sai da izininta. Bayan haka akwai baje ga kowane ma'aikaci, gwajin lafiya kafin fara aiki da lokaci-lokaci, horarwa, jami'in da ke kula da kariya, katanga mai kauri ko mai dalma, da alamar gargaɗi a ƙofa. A rami kuwa, injinan shigar da iska da yayyafa ruwa don kwantar da ƙura su ne rai. Kayan aiki a wanke su a ma'aikata. Wanda ya kai kakinsa gida matarsa ta wanke, ya kai mata ƙurar ne.

Ina da ciki kuma a sashen hoto nake aiki. Sai na ajiye aikin?

Ba sai kin ajiye ba. Ki sanar da shugabanki a rubuce da zarar kin tabbatar, domin daga ranar wajibi ne a tsara aikinki yadda abin da ke cikinki ba zai sha fiye da milisibat 1 ba har ki haihu. Ciki ba hujjar kora ba ne.

Me ya sa ake ta ƙorafi a Arlit alhali kamfani ya gina asibitoci?

Gaskiya ne an gina asibiti a Arlit da Akokan, kuma an yi wa ma'aikata da iyalansu magani kyauta shekaru masu yawa. Kamfanin Areva na Faransa, wanda ya kasance babban mai hannun jari a Somaïr da Cominak kuma ya koma Orano a 2018, ya sha cewa abin da ma'aikatansa ke sha yana ƙasa da iyakar da doka ta sa. Ƙorafin da ƙungiyar Aghir In'Man ta garin da tsofaffin ma'aikata suke yi shi ne, likitan da zai ce cutarka daga aiki take, albashinsa daga kamfanin yake fitowa. A ganina wannan ƙorafi yana da tushe ko da kowane likita mutumin kirki ne, domin bai kamata wanda zai biya diyya ya zama shi ke riƙe da sakamakon gwaji ba.

Masu bincike daga waje sun ga abubuwan da suka tayar da hankali. Cibiyar CRIIRAD ta Faransa, mai auna tururi, ta je a 2003 ta tarar da ƙarafa masu tururi ana sayar da su a kasuwar garin, irin waɗanda maƙera ke saye, mutane kuma su yi rufin ɗaki da kayan gida da su. A ƙarshen 2009 ƙungiyar kare muhalli ta Greenpeace ta auna wasu wurare a titunan Akokan ta ce tururin ya kai ninki 500 na abin da aka saba, saboda an yi cikon hanya da duwatsun da aka fitar daga rami. Ta kuma ce huɗu cikin samfuran ruwa biyar da ta ɗiba sun wuce iyakar yuraniyom da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa.

A 2009 Areva ta yi yarjejeniya da ƙungiyar lauyoyi ta Sherpa da ta likitoci ta Médecins du Monde don a kafa cibiyoyin bin lafiyar tsofaffin ma'aikata a Nijar da Gabon, kuma ta jihar Agadas ta fara aiki a ƙarshen 2011. A ƙarshen 2012 Sherpa ta janye, tana cewa tsarin bai kai ga biyan ma'aikatan Afirka diyya ba. Ranar 31 ga Maris 2021 aka rufe Cominak, aka bar tarin dusar ma'adini ta kusan tan miliyan 20, wadda kamfanin ya ce zai lulluɓe da laka da dutse. Irin wannan dusa tana riƙe da mafi yawan tururin dutsen asali, kuma radiyom ɗin cikinta sai ya shekara 1,600 kafin rabinsa ya ƙare.

An taɓa cin nasara a kotu?

An taɓa, sannan aka warware. Wani Bafaranshe da ya yi aiki a Cominak daga 1978 zuwa 1985 ya mutu da kansar huhu a 2009, kuma hukumar inshorar lafiya ta ƙasarsu ta amince cutar aiki ce. A 2012 wata kotu a Faransa ta ɗora wa Areva laifi ta yanke diyyar yuro 200,000. A 2013 kotun ɗaukaka ƙara ta Faris ta soke hukuncin, bisa hujjar cewa Cominak, kamfanin da ke rajista a Nijar, shi ne ubangidan mamacin, ba Areva ba. A lura da kyau: ba a ce cutar ba daga ramin take ba, an ce ne an kai ƙarar wanda ba shi ne ba. Idan iyalin da ke da lauyoyi da takardun asibitin Faransa sun sha wannan wuya, sai a auna halin matar lebura a Akokan.

Ta yaya za a tabbatar cewa aikin ne ya jawo kansar?

Ba wani gwaji da zai nuna haka. Kansar huhun mahaƙi da ta mashayin taba iri ɗaya suke a idon likita. Kamfani yakan fake da wannan: ai yana shan taba, ai tsufa ne, ai a danginsu akwai. Alhali taba da radon idan suka haɗu ƙara wa juna ƙarfi suke yi, don haka shan taba ba ya wanke ramin.

Ƙasashen da suka yi adalci a nan sun sauke wa ma'aikaci nauyin kawo hujja. A Faransa akwai jadawalin cututtukan aiki: idan ka yi aikin da aka lissafa, cutar da aka lissafa ta kama ka cikin wa'adi, ana ɗauka aikin ne. Wa'adin kansar jini da ta huhu shekara 30 ne bayan barin aiki, na kansar ƙashi shekara 50. A Amurka, bayan 'yan ƙabilar Nabaho da suka haƙa yuraniyom ba tare da an gargaɗe su ba sun yi ta mutuwa, an yi doka a 1990 da ke ba mahaƙin da ya kamu dala 100,000 ba tare da shari'a ba. Wata dokar ta 2000 ta ba ma'aikatan masana'antun makaman nukiliya dala 150,000 da kuɗin magani. Wa'adin dokar 1990 ya ƙare a Yunin 2024, aka sabunta ta a Yulin 2025. Irin wannan tsari ne ya dace ƙungiyoyin ƙwadago a Nijar da Najeriya su dage a kai, tare da wa'adi mai tsawo da ya yi daidai da jinkirin cutar.

A Najeriya, ina zan nufa?

Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ita ce madogara, kuma hukumar NSITF ke gudanar da ita. Mai aiki ne ke zuba kashi 1 cikin ɗari na jimillar albashin ma'aikatansa, kuma haramun ne ya cire daga albashinka. Dokar ta shafi ma'aikatan gwamnati da na kamfanoni, ban da sojoji, kuma ba ta buƙatar ka nuna sakacin kowa.

Lokaci shi ne abin kiyayewa. Ka sanar da wurin aikinka cikin kwana 14 da faruwar abin ko da samun labarinsa, su kuma su kai rahoto ga hukumar cikin kwana 7. Takardar neman diyya a shigar da ita cikin shekara guda, ko shekara uku idan akwai uzuri na musamman. Wanda ya nakasa gaba ɗaya ana biyansa kashi 90 cikin ɗari na albashinsa duk wata, akwai kuɗin magani, kuma idan ya rasu ana biyan waɗanda yake ciyarwa. In ba ka gamsu da hukuncin ba, ka nemi hukumar ta sake dubawa, daga nan sai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa. Kafin ka karɓi diyyar ko ka sa hannu a wata takarda, ka ga lauya, domin dokar ta sa a zaɓa tsakanin diyyar hukuma da kai ƙara.

A Nijar fa?

Asusun CNSS ne ke kula da haɗarin aiki da cututtukan aiki. Ana buƙatar takardar likita da ta ambaci cutar da sunanta, da shaidar cewa an yi maka rajista, sannan sufeton ƙwadago na jiharka yana da hurumi idan aka ƙi saurarenka. A Yunin 2025 gwamnati ta sanar da mayar da Somaïr hannun ƙasa. Duk yadda rigimarta da Orano ta ƙare, abin da ya kamata tsofaffin ma'aikata su nema da babbar murya shi ne kada kundin awon tururinsu da fayilolin asibitinsu su salwanta a tsakani, kuma a ba kowa kwafen nasa.

Ni ɗan kwangila ne, ba ma'aikacin kamfani ba. Ina da haƙƙi?

Kana da shi, sai dai kai aka fi saurin mantawa da kai. 'Yan kwangila su ke share ƙura, su wanke tankuna, su kwance tsofaffin injuna, kuma lokacin rufe Cominak sun koka cewa ba a sallame su kamar ma'aikatan dindindin ba. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta ce mai lasisin wurin da ubangidanka duk suna da alhakin kare ka, kuma iyakar 20 ɗin nan ɗaya ce ga kowa. Ka riƙe katin shiga ma'aikata ko da ya mutu, da takardun albashi, da sunayen waɗanda kuka yi aiki tare, don wata rana su ne shaidunka.

Mu 'yan gwangwan, me ya haɗa mu da wannan?

Abu mai yawa. A 1987 a birnin Goyaniya na Burazil, wasu mutum biyu suka kwance tsohon injin gasa cutar kansa a asibitin da aka yi watsi da shi, suka sayar wa dillalin ƙarfe. A ciki akwai wani gari mai shuɗin haske da dare, aka yi ta rarraba shi ga 'yan uwa. Mutum huɗu suka mutu, har da yarinya 'yar shekara shida, kusan 250 suka gurɓata. Idan ka ga ƙaramin ƙarfe mai nauyin da ya fi girmansa, ko mai alamar fuka-fukai uku kamar na fanka, musamman daga asibiti ko kamfanin mai, kada ka fasa, kada ka taɓa, kada ka ɗora a mota. Ku matsa nesa, ku hana yara zuwa, ku kira 'yan sanda ko hukumar kula da nukiliya.

Cuta da mutuwa ai ƙaddara ce. Neman diyya ba rashin tawakkali ba ne?

Ba wanda ke jayayya da ƙaddara. Amma shari'ar Musulunci kanta ta wajabta diyya ko a kisan kuskure, balle inda aka san haɗari aka yi sakaci. Kuɗin nan haƙƙin marayu ne da matar da ta sayar da kayan ɗakinta wajen jinya, kuma yin shiru yana barin wanda ke ramin yau cikin halin da ya kashe na jiya.

Na bar aikin da daɗewa, lafiyata lau. Akwai abin da zan yi?

Akwai. Rubuta wa tsohon wurin aikinka ka nemi jimillar awonka na duk shekarun, domin ƙa'ida ta ce a adana shi aƙalla shekara 30 bayan ka bar aiki. Idan kana shan taba, ka daina, don ba abin da zai rage maka haɗarin huhu kamar wannan. Duk likitan da ka gani, ka gaya masa aikin da ka yi da shekarun da ka yi, ka roƙe shi ya rubuta a kati. Tarin da ya wuce mako uku, jini a majina, rama ba dalili, yawan zazzaɓi ko zubar jini daga dasashi, kada a tsaya sayen magani a kemis. Idan aka ce tarin fuka ne amma gwajin majina bai nuna ba, ko magani ya ƙi aiki, ka nemi a tura ka babban asibiti a ɗauki hoton siti, in da hali a ɗebi nama a gwada. Takardar wannan gwaji ita hukumar diyya za ta fara tambaya, don haka ka nuna wa matarka ko babban ɗanka inda ka ajiye ta tare da sauran takardun.